Zakaran da Ya Sandare

Shagon Kawu shagon buga alluna ne. Muna buga allon talla, da sitikar mota, da katin gayyata, da rubutun da ake liƙawa a gilashin kanti. Ni tun da na gama makaranta aikina yankan sitika ne a teburin baya, sai idan aiki ya yi yawa a ba ni kwamfuta in gyara rubutu. Duk abin da ke fita daga shagon nan a shimfiɗe yake fita, ba mai motsi a ciki.

Wata rana wani mutum ya shigo da jaka a kafaɗa. Wakilin wani kamfani ne da ke sayar da manhajar ƙera siffofi da motsa su, irin wadda ake yin katun da ita. Yana neman wanda zai tsaya masa a rumfarsa a kasuwar baje koli, ya nuna wa jama'a yadda abin yake aiki, shi kuma ya sa sunan shagon a saman rumfar. Kawu ya amsa tun mutumin bai gama shan ruwan da aka ba shi ba. Da mutumin ya tambaya ko akwai wanda ya iya manhajar, sai Kawu ya waiga ya nuna ni da haɓa.

"Ga 'yar ƙanwata nan. Kullum kanta a cikin littafi. Ba ta littafin abin kawai ka tafi."

Almakashi ne a hannuna a lokacin. Na ajiye shi, na sake ɗauka, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Daga wajen babban inji aka yi wani ɗan tari. Dogo ne. Shi ke kula da injin bugawa, shi ke buɗe shago da safe, kuma ya fi kowa daɗewa a wurin in ban da Kawu. Ya fi ni iya zane nesa ba kusa ba. Wannan kowa ya sani, har da Kawun.

"To, an yi mana injiniya," in ji Dogo bayan wakilin ya fita. "Injiniya, idan kin yi suna kada ki manta da mu masu wanke tawada."

Daga ranar sunan ya bi ni.

Na kwashe kwanaki ina fama. Littafin da wakilin ya bari kauri ne da shi kamar bulo, kuma rabin abin da ke ciki sai na yi ta maimaitawa kafin ya shiga kaina. A ƙarshe na gane abu ɗaya, shi na riƙe. Da farko za a mulmula jikin abin kamar mai aikin laka. Sannan a sa masa ƙasusuwa a ciki. Sannan a ɗaure kowane ɓangare na jiki da ƙashinsa. Idan aka ja ƙashin wuya da linzamin kwamfuta, wuya ya lanƙwasa. Idan ba a ɗaure da kyau ba, a ja wuya, gwiwa ta biyo.

Zakara na zaɓa, don na ga mutum zai ba ni wuya, yatsu sun yi yawa. Ranar da ya fara taku a kan allon kwamfuta, Anti ta bar kantar shago ta zo ta tsaya a bayana. Ita ke karɓar aiki daga masu kawowa. Ba 'yar uwarmu ba ce, amma kowa Anti yake ce mata, har masu kawo aikin.

"Lallai yarinyar nan. Saura ya yi cara mu kama shi mu yanka."

Dogo ma ya leƙo yana goge hannu da tsumma. Ya daɗe yana kallo.

"Ƙafarsa ta hagu fa? Kamar wanda ya taka ƙusa."

Gaskiya ya faɗa, ƙafar tana jan ƙasa. Na gyara, amma ban ji daɗin yadda ya riga ni gani ba.

Kwamfutocin shagon a haɗe suke, kuma akwai folda ɗaya da kowa ke gani, sunanta Aikin Gobe. Tana kan babbar kwamfutar ofishin Kawu, wadda ke da batirinta, ko an ɗauke wuta ba ta mutuwa. Tawa kuwa tsohuwa ce, takan yi fushi ta ɗauke ba sallama. Shi ya sa kullum da yamma nake ajiye zakarana a can. Duk aikin da ya kwana a foldar nan, doka ce sai an dunƙule shi kafin ya je inji, wato a haɗe rubutu da hoto da launi su zama abu guda, don kada wani abu ya goce wajen bugawa. Dokar ta samo asali tun kafin in zo, lokacin da aka buga wa wani mai gidan abinci allo, lambar wayarsa ta zame ta hau kan hoton kifi. Amma wannan maganar aikin bugawa ce. Na gaya wa Dogo da Anti kada wanda ya taɓa min zakara. Kawu kuwa da bakinsa ya ce shi ba ruwansa da wasan yaran nan, ranar kasuwa kawai yake so ya ga abu yana motsi.

Washegarin ranar da zakaran ya yi taku, na buɗe shi da safe. Yana nan tsaye da jan tsoronsa da baƙar jelarsa, ba abin da ya canza a ido. Na kama wuyan na ja, sai zakaran gaba ɗaya ya taho kamar gunki. Na duba cikinsa. Babu ƙashi ko ɗaya, kamar an zare masa su ta baki.

Na ɗauka ni na yi wani kuskure. Ban gaya wa kowa ba. Na wuni ina mayar da ƙasusuwa, ko abincin rana ban fita ci ba. Da yamma na ajiye kwafi biyu a foldar, don in ɗaya ya lalace in sami ɗayan.

Da safe duka biyun sun sandare.

Na fita bayan shago, kusa da inda ake ajiye janareta, na kira wakilin. Sai da na maimaita masa bayanin kafin ya gane.

"Ba manhaja ba ce, malama," in ji shi. "Ita ba ta yin haka da kanta. Wani ne ya zaɓi komai, ya haɗe, ya adana. Da an haɗe, ƙasusuwa sun tafi ke nan. Wa ke taɓa miki aiki?"

"Ba kowa."

"To, ba-kowan nan naku yana da hannu."

Daga ranar na sayi filashi, ina kwafe zakaran kirki a ciki in sa a jakata in tafi da shi gida. Amma ban daina ajiye ɗaya a Aikin Gobe ba. Ina so in ga ko za a ci gaba. Aka kuwa ci gaba. Kowace safiya sai na tarar da shi a sandare.

Abin mamaki, da zarar zuciya ta kama mutum, duk abin da ya yi sai ya canza kama. Dogo ya saba idan na shigo ya ce, "Injiniya, ya zakara ya kwana?" Da wasa nake ɗauka. Yanzu idan ya faɗa sai in kalli bakinsa in ga ko akwai dariya a ɓoye. Idan ya yi shiru, in ce ya san abin da ya yi. Idan ya yi surutu, in ce rufewa yake. Ranar da ya sayo min lemo mai sanyi don ya ga ban fita ba, sai da na juya kwalbar a hannuna kafin in sha, ni kaina ban san me nake nema a jikinta ba.

Anti ce kawai na gaya wa. Ta saurara tana jera rasit, ba ta ɗago ba.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji ta. "Amma makullin shagon nan nawa ne? Na Maigida da na wa? Kuma wa ke riga kowa zuwa?"

"Anti, me zai samu in ya lalata?"

"Ke yarinya ce. Mutum ya yi shekaru yana shaƙar tawada, ranar da abin fita gaban jama'a ya zo, aka tsallake shi aka ba mai yankan sitika. Ke in ke ce, ya za ki ji?" Ta rage murya. "Kin duba kujerarki da safe?"

Na duba. Kujerata irin mai hawa da sauka ce, ni kuma gajeriya ce, kullum a ƙasa nake barinta. Da na zauna a ranar, sai na ji ƙafafuna suna lilo ba su taɓa ƙasa. Na tuna jiya ma na sauke ta, shekaranjiya ma, ban dai kawo komai a raina ba.

Da rana Dogo ya ga ina sake mayar da ƙasusuwa a kwafin folda, ya tsaya.

"Wai me ke samun abin nan ne kullum kina gyara?"

Na ce masa yana sandarewa. Na faɗa ina kallon idonsa.

"Ki binciki wakilin nan naku. Ƙila ta gwaji ya ba ki, mai lalacewa da kanta, don a matsu a saya. Mutanen nan ba a raba su da dabara."

Ya faɗa a sake, har yana sosa wuya. Na ce a raina, ji yadda yake nuna min wata hanya.

Da ban yi niyyar kai maganar gaban Kawu ba. Zakaran kirki yana jakata, ranar kasuwa zan iya nuna shi lafiya. Amma kasuwa ta matso, sai Kawu ya fito daga ofis wani yammaci ya ce in nuna masa abin da za a nuna wa jama'a. Ruɗewa ta sa na buɗe na folda maimakon na filashi. Na ja wuya, gunki ya taho. Na sake ja, ya sake tahowa.

"Wannan ne motsin?"

Na yi sauri na buɗe na kirki, ya yi taku, ya sunkuya ya yi tsattsaga. Amma Kawu ya riga ya ga na farkon.

"Biyo ni."

Ya rufe ƙofar ofis. Kawu mutum ne mai kirki, shi ya riƙe mu tun rasuwar Baba, amma idan ya yanke magana ba ya komawa. Na taɓa ganin ya sallami direba a tsaye a bakin ƙofa, kuma duk wanda ya zo roƙo ya koma da roƙonsa.

Na ce masa wani yana cire wa zakaran ƙasusuwa kafin in zo da safe, kuma wakili ya ce da hannu ake yi.

"A shagona? Sunana ne fa zai hau saman rumfar nan. Wa?"

"Ban gani da idona ba, Kawu."

"Ban tambayi idonki ba. Wa kike zato?"

Na kalli kalandar da ke bango. Na kalli kofin shayinsa. Da na yi shiru ma da ya fi, amma shirun ya yi min nauyi.

"Na dai tarar da kujerata an ɗaga ta. Irin ɗagawar mai dogayen ƙafafu."

Kawu ya jingina da kujera. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Gobe da safe zan karɓi makullina. Ya nemi wani wurin."

"Kawu, ai ban ce shi ne ba."

"Kin ce. Je ki."

Da na fito, Dogo yana naɗe wani dogon allo shi kaɗai, ya danne gefe ɗaya da gwiwa. Ya ce, "Injiniya, riƙe min can." Na riƙe masa. 

A gida na tarar da Mama tana guga. Na zauna a bakin gado na ba ta labari tun daga farko, ina ta ƙara hujja a kan hujja, kamar ita ce za ta yanke hukuncin. Ta bari na gama.

"Kin gan shi?"

"Kujerar fa, Mama."

"Kujera kika gani. Na ce shi kin gan shi?"

Mama ta ajiye dutsen guga.

"Kawunki kin san shi, in ya ce gobe, goben yake nufi. Matar yaron nan jego take yi, ke kika raka ni barka." Ta juya rigar ta ci gaba da guga.

"Ki kira Kawu ki ce ya dakata mana."

"Ni ba na shiga tsakaninsa da ma'aikatansa. Bakinki ya kai maganar, bakinki zai dawo da ita. In kuma shi ɗin ne, to, ki tabbata."

Washegari na fita tun masu shara ba su gama titi ba. Ba ni da makulli, don haka na tsaya a tsallake, bayan wata motar kaya da ke kwana a wurin. Dogo ya zo a kan babur ɗinsa, ya cire kwaɗo, ya tura ƙofar ƙarfe sama, sannan ya zagaya baya ya duba janareta kamar yadda ya saba. Na tsallaka da gudu na shige sito.

Sito ɗan ƙaramin ɗaki ne da ake jingina naɗaɗɗun ledojin allo a tsaye. Warin tawada ya cika shi. Ƙofar ba ta rufuwa duka, ta wannan tsagar ina ganin teburina, ina kuma ganin cikin ofishin Kawu ta gilashi. Na matse tsakanin naɗi biyu. Sai a lokacin na tambayi kaina abin da zan ce idan ya shigo ɗaukar leda.

Bai shigo ba. Ya kunna fitilu, ya kunna babban inji, ya ɗauki auduga yana wanke bakin tawada a hankali yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Da ya gama ya wanke hannu. Sannan ya leƙa titi, ya dawo, ya zauna a kujerata. Ya sa hannu ƙasa ya ɗaga ta.

Wani daɗi ya zo min, marar kyau. Ashe ban yi ƙarya ba.

Ya kunna kwamfutar, ya shiga Aikin Gobe, ya buɗe zakaran. Ya jawo littafin wakili, ya buɗe wani shafi, ya bi layi da yatsa. Ya kama wuyan ya ja, wuya ya lanƙwasa. Ya sa shi ya sunkuya. Sannan ya kama fiffike yana so ya kaɗa shi, sai fiffiken ya shige cikin ƙirjin zakaran ya ɓullo ta ɗaya gefen.

"Yi haƙuri, maigida," in ji Dogo ga zakaran, yana dariya shi kaɗai.

Ya sake gwadawa, ya sake duba littafi. A karo na gaba fiffiken ya ɗagu daidai. Ya daɗe yana ɗaga shi yana saukewa. Da ya ji ƙarar mota a waje, ya rufe da sauri. Kwamfuta ta tambaye shi ko a adana, ya danna a'a. Har ya miƙe, sai ya dawo ya sake buɗewa, ya ja wuyan don ya tabbata yadda ya same shi ya bar shi. Wuya ya lanƙwasa. Ya rufe, ya mayar da littafin inda yake, ya koma wajen inji. Kujerar kawai ya manta.

Zakaran yana da ƙasusuwansa. Na gani da idona.

Kawu ya shigo da flas ɗin shayinsa. Dogo ya gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Idan ka gama ka same ni a ofis."

"To, Maigida."

Ban taɓa ganin Kawu a irin wannan lokacin ba, don kullum ina zuwa ne na tarar ya riga ya zauna. Ya zuba shayi. Wayarsa ta yi ƙara, ya maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa yana magana da mai kawo leda. Da hannun dama ya buɗe Aikin Gobe, ya fara daga sama. Katin gayyata ya buɗe, yatsun hannunsa na hagu suka taɓa madannai, taf taf taf, ya rufe. Allon wani kantin magani, taf taf taf, ya rufe. Ko kallon kirki ba ya yi, idonsa rabi a kan allo rabi a kan shayi. Yatsun sun san hanyarsu tun kafin a haife ni.

Sai zakarana ya bayyana a allonsa, da jan tsoronsa. Kawu yana ce wa mai leda wancan naɗin da ya kawo bai da kauri. Taf taf taf. Ya rufe, ya wuce na gaba.

Na toshe bakina da hannu. Ban gama tunanin abin da zan yi ba sai ga Dogo ya shiga ofis yana goge hannu. Kawu ya ajiye waya, ya miƙa tafin hannunsa.

"Makullin shago."

Dogo ya tsaya. Ya kalli hannun, ya kalli fuskar Kawu. Sannan ya laluba aljihu, ya cire makullin daga cikin na babur ɗinsa, ya ajiye a kan tebur.

Na yunƙura zan fito, wani naɗin leda ya biyo ni ya faɗi ƙasa da ƙara, ya warware har bakin kantar Anti. Duk suka waigo. Na tsallake shi na shiga ofis, ƙura a kaina, ƙura a hannun rigata.

"Daga ina?" in ji Kawu.

 Ban san yadda ake ce wa mutumin da ya biya min kuɗin makaranta kai ne ba. Na ce, "Kawu, don Allah ka buɗe zakaran da ka rufe yanzu."

Ya ɗaure fuska, amma ya buɗe.

"Ka ja wuyansa."

Ya ja. Gunki ya taho.

"Ka gani," in ji shi, yana kallon Dogo.

Na ciro filashi daga jaka, sai da na juya shi kafin ya shiga kwamfutar. Na buɗe na kirki a kwamfutarsa. Na ce ya ja, ya ja, wuya ya lanƙwasa.

"Yanzu, Kawu, ka yi masa yadda kake yi wa aikin gobe."

"Me ya haɗa wannan da wancan?"

"Don Allah."

Hannunsa na hagu ya tafi da kansa. Taf taf taf.

"Ka sake ja."

Ya ja. Zakaran gaba ɗaya ya biyo linzami, a sandare.

 Ana jin babban inji yana gurnani a waje. Kawu ya ɗaga hannunsa na hagu daga kan madannai ya kalle shi, ya mayar da shi kan cinya.

"Ai na ɗauka na allon rumfa ne," in ji shi a hankali. Sannan muryarsa ta dawo. "Wa ya ce ki sa abu mai ƙashi a Aikin Gobe? Aikin Gobe na bugawa ne. Duk abin da na gani a ciki dunƙule shi zan yi, ko hoton uwata ne."

"Haka ne, Kawu."

Ya kurɓi shayi. Ya sa yatsa ɗaya ya tura makullin zuwa gefen teburin da Dogo yake.

"Ɗauki abinka. Dama so nake a yanko min wani a kan naka, nawa ya fara cijewa."

Dogo bai ɗauka ba. Ya kalli makullin, sannan ya juyo ya kalle ni tun daga ƙurar kaina har ƙasa.

"Tun yaushe kike sito?"

"Tun da ka zagaya wajen janareta."

"Ni kike gadi ke nan."

Na so in ce a'a. Na ce, "Kujerar ce."

"Kujerar ni ne. Koyo nake yi. Da kin tambaye ni ai da na gaya miki." Ya juya ga Kawu. "Maigida, shekara nawa ina buɗe shagon nan, ko allura ta taɓa ɓata?"

"Wa ya ce ta ɓata? Ɗauki makullinka, aiki na jira."

"Zan ɗauka. Amma ba zan ƙara buɗe shagon nan ni kaɗai ba. A ba ni mai shaida, duk abin da na taɓa a gani."

"Wa zan ba ka da sassafe haka?"

"Ga wadda ta iya sammako."

Kawu ya amsa da sauri, kamar wanda aka buɗe wa taga a ɗaki mai zafi. Dogo ya ɗauki makullin ya fita, ya durƙusa yana naɗe ledar da na kayar. Anti ta shigo ta tarar da shi a haka, ta kalli fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye jakarta.

"Ni dama ban ce komai ba," in ji ta, tun ba a tambaye ta ba.

An yi kasuwa. Zakara ya yi taku a babban allo, mutane sun tsaya, wasu sun karɓi linzami sun ja wuyansa da kansu. Dogo ne ya ɗauko kwamfutar ya haɗa wayoyi, ya koma shago wajen injinsa, don akwai aikin da ake jira.

Yanzu kullum ni nake riga shi zuwa bakin ƙofa. Yana zuwa ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, irin ta baƙo, ya cire kwaɗo ya miƙo min in riƙe. Sannan ya fara.

"Yanzu zan tura ƙofa. Yanzu zan kunna fitila. Ki duba da kyau, hannuna ba komai."

Na ba shi haƙuri a safiyar farko. Ya ce, "Na ji." Na sake ba shi bayan kwana biyu. Ya ce, "Ai na ce na ji. Yanzu zan zagaya wajen janareta, za ki biyo ni ko kin yarda?"

Na kalli fuskarsa ina neman dariya a gefen bakinsa. Ya riga ya juya. Na tsaya da kwaɗon a hannu, sannan na bi shi.